Ƙugiyar Harafi da Rigimar Tsoho da Sabo a Harsunan Kwamfuta

Saƙon tes na wayar hannu haruffa 160 yake ɗauka. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya ta shiga ciki, sai adadin ya faɗo zuwa 70, idan kuma saƙon ya yi tsawo har aka yanka shi, kowane yanki 67 kawai zai ɗauka. Ke nan gargaɗi mai haruffa 150 da za a tura wa manoman Hantsu ko Sansani a ƙaramar hukumar Miga, cewa an saki ruwa daga madatsun Tiga da Challawa, kowa ya kwashe abin da zai iya daga fadama, saƙo ɗaya ne idan an rubuta "Hadeja". Idan aka rubuta "Haɗeja" yadda ƙa'ida ta tanada, ya zama saƙo uku, kuɗinsa ma ya ninka uku.

A yankin da ambaliyar 2022 ta cinye gonakin shinkafa tun daga Ringim har Auyo da Kafin Hausa, wannan lissafi ba na wasa ba ne. Duk wanda zai biya kuɗin tura saƙo ga dubban mutane cire ƙugiyar zai yi, kuma babu mai ganin laifinsa. Asalin matsalar tana cikin jerin haruffan da injiniyoyin Turai suka zaɓa wa tsarin GSM tun kafin a tura saƙon tes na farko a duniya ranar 3 ga Disamba, 1992. Sun sa é ta Faransanci, da ñ ta Sifaniyanci, da ß ta Jamusanci, da alamar fam, har da wasu manyan haruffan Girkanci. Namu babu ko ɗaya. Yau ba a isa a taɓa jerin ba, domin kowace waya a duniya, har da 'yar ƙarama mai tocila da ke aljihun masunci a bakin kogi, a kansa aka gina ta. Da aka matsa daga baya, sai aka ƙara jeri na musamman ga Turkanci da Fotugisanci da Sifaniyanci da wasu harsunan Indiya, wanda waya ke kunnawa idan an buƙata. Hausa ba ta samu shiga ba.

Wannan ita ce rigimar da masu ƙera harsunan rubuta manhaja suke fama da ita kullum. Harshen kwamfuta, irin su Python da JavaScript, ƙa'idoji ne da mutum ke bi ya rubuta wa na'ura umarni. Wanda ya ƙera shi yakan gano kurakuransa bayan shekara biyar ko goma, lokacin da miliyoyin layuka sun riga sun hau kan kurakuran sun zauna daram. Ya gyara, aikin mutane ya rushe. Ya bari, kuskure ya zama gado. Hanya ta uku ita ce ya kawo gyaran ya ajiye a gefe, ya ce wanda ke so ya kunna. Kowace hanya akwai wanda ke biyan kuɗinta, kuma yawanci ba wanda ya yanke shawarar ba ne.

Python ce ta gwada hanyar rushewa, kuma abin sha'awa ga Bahaushe shi ne babban dalilin rushewar ya shafi haruffa irin namu. A Python 2, idan ɗalibi ya rubuta kalmar "ƙasa" ya tambayi tsawonta, amsar 5 za a ba shi, ba 4 ba. Dalili shi ne harshen bai san harafi ba, bayit yake ƙirgawa, ita kuwa ƙ bayit biyu take ci a tsarin UTF-8. Ya ce a mayar da kalmar manyan baƙaƙe, sai a ba shi "ƙASA", an tsallake harafin farko kamar ba a gan shi ba. Ya ce a ciro masa harafin farko kaɗai, sai a miƙo masa rabin ƙ, abin da ba ya karantuwa. Akwai hanyar kauce wa haka, wato sa ƙaramin u a gaban kowace kalma, amma sai wanda ya sani kuma ya tuna. Baturen da sunan garinsa bai wuce haruffan Ingilishi ba zai yi shekaru bai taɓa cin karo da matsalar ba.

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan da ya fito da Python a 1991, shi da abokan aikinsa suka yanke shawarar gyara wannan daga tushe. Python 3 ta fito ranar 3 ga Disamba, 2008, kuma a cikinta kowane rubutu Unicode ne tun asali, wato tsarin da ya san haruffan harsunan duniya har da namu. "Ƙasa" ta koma haruffa huɗu. Sai dai ba su tsaya nan ba. Tunda an riga an fasa, sai suka haɗa da wasu gyare-gyaren: yadda ake rubuta umarnin print ya sauya, haka ma yadda ake raba lamba. A Python 2, buhun taki 7 a raba wa manoma 2, amsar 3 ce, rabin buhu ya yi ɓatan dabo. A Python 3 amsar 3.5 ce. Sauyin print yana da sauƙi, domin tsohuwar manhaja tsayawa take yi cak ta nuna inda matsalar take. Na rabon lamba shi ne mugun, domin manhajar za ta ci gaba da aiki lafiya lau tana fitar da wata amsa dabam, ba tare da ta ce uffan ba.

Abin da ya fi cutar da jama'a ba yawan sauyin ba ne, rashin gada ne. Manhaja ɗaya ba ta iya zama rabi Python 2 rabi Python 3. Kowace manhaja kuwa tana jingine da kayan aro da wasu suka rubuta. Mai manhaja ya ce ba zai ƙaura ba sai kayan da yake aro sun ƙaura, masu kayan suka ce ba za su wahalar da kansu ba sai sun ga masu amfani sun ƙaura. Aka yi cirko-cirko. Da farko an sa 2015 a matsayin shekarar da za a daina kula da Python 2.7, amma a 2014 dole van Rossum ya sanar da ɗagewa zuwa 2020. A 2012 ma sai da Python 3.3 ta dawo da ɗan u ɗin nan da aka kora, ba don yana da wani aiki ba, sai don rubutu ɗaya ya iya gudana a gidajen biyu. Kamfanin Instagram bai gama ƙaura ba sai 2017. Fitowar ƙarshe ta tsohon gida, 2.7.18, ta zo a watan Afrilun 2020, shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni bayan an ce wa mutane su tashi.

Mutumin Miga ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan ƙaura, domin ya ɗanɗana ta a aljihunsa. Ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara yawo ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023, sannan aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mai asusu a birni ya koma tiransifa. Manomin da ya sayar da 'yar shinkafar da ruwa ya bar masa, wanda banki ya yi masa nisa kuma sabis ɗin waya sai ya ga dama, shi ya tsaya a kasuwa da kuɗin da ba a karɓa. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris ta ce tsoho da sabo su yi tafiya tare har ƙarshen shekara, a watan Nuwamba kuma ta cire wa'adin gaba ɗaya. Inda aka ƙare shi ne inda ya kamata a fara: takarda biyu a kasuwa ɗaya, tsohuwar tana ƙarewa da kanta.

JavaScript ta bi kishiyar hanyar Python, kuma ba don masu ita sun fi hikima ba, sai don ba su da zaɓi. Brendan Eich ya haɗa ta cikin kimanin kwana goma a 1995 a kamfanin Netscape, da gaggawa da kurakuran gaggawa. Amma ita tana gudana ne a cikin burauzar kowa, kuma shafin da aka rubuta a 1999, wanda mai shi ya daɗe da mantawa da shi, dole ya ci gaba da buɗewa. Burauzar da ta karya shafuka mutane barinta za su yi su koma wata. An yi yunƙurin babban gyara mai suna ES4, aka yi ta jayayya, aka binne shi a 2008. Abin da ya fito a madadinsa a watan Disambar 2009 ya zo da wani ɗan layi guda: "use strict".

Dabarar da ke cikin layin nan ta isa a tsaya a dube ta. A tsohon tsari, idan mai rubutu ya ƙirƙiri ma'ajin lamba ya kira shi farashi, can ƙasa kuma hannunsa ya zame ya rubuta farshi, harshen ba zai tanka ba. Sabon ma'aji zai buɗe masa a ɓoye, farashin gaskiya ya zauna yadda yake, a wayi gari lissafi bai daidaita ba kuma ba a san daga ina ba. Idan ya sa wancan layi a saman fayil, nan take za a tsayar da shi a nuna masa kuskuren. To yaya tsohuwar burauza da ba ta san sabon tsari ba za ta yi da layin? An rubuta shi ne a matsayin kalmomi zalla cikin alamar zance, abin da tsohon harshen ya yarda da shi tun fil azal kuma ba ya yin komai da shi. Tsohuwa ta gani ta wuce, sabuwa ta gani ta ɗaura ɗamara. Fayil mai layin da wanda ba shi da shi suna aiki a shafi ɗaya ba tare da faɗa ba.

Farashin wannan zaman lafiya shi ne babu abin da ake iya zubarwa. A 2018 an so a ƙara wani aiki mai suna flatten, sai aka gano zai karya shafukan da ke amfani da wani tsohon kayan aro mai suna MooTools. Kwamitin harshen ya haƙura ya sauya sunan zuwa flat. Shafukan da babu mai kula da su suka tilasta wa duniya sunan da za ta yi amfani da shi.

Perl kuwa, wani harshen rubuta manhaja, darasinta gajere ne. An sanar da Perl 6 a 2000, ba ta fito ba sai ƙarshen 2015, a 2019 aka amince cewa wani harshe ne dabam aka raɗa mata suna Raku. Kafin nan jama'a sun watse.

Harsunan da suka zo daga baya sun kalli duk wannan sun koyi abu ɗaya: a bar kowane aiki ya faɗi zamanin da aka rubuta shi. Rust, wadda ta kai fitowarta ta 1.0 a watan Mayun 2015, tana da abin da take kira bugu: na 2015, na 2018, na 2021, da na 2024. Kowane kunshin manhaja yana rubuta bugunsa a layi ɗaya, na'urar fassara kuma ta san dukkansu. A bugun 2018 an keɓe kalmar async ta zama ta harshen, amma wanda ya riga ya yi amfani da ita a matsayin suna a aikin 2015 babu abin da ya same shi, kuma sabon aiki zai iya aron nasa ba tare da ya taɓa ko waƙafi ba. Go, wadda ta yi alkawari tun 2012 cewa abin da aka rubuta da Go 1 zai ci gaba da aiki, ta yi amfani da irin wannan dabara a watan Fabrairun 2024. Fitowa ta 1.22 ta gyara wani tsohon tarko a yadda madauki ke riƙe lamba, amma gyaran yana hawa ne kawai kan aikin da ya rubuta cewa shi na 1.22 ne ko sama. A ganin mai wannan sharhi, wannan ita ce hanya mafi adalci da aka samu zuwa yanzu, domin nauyin riƙe tsoho da sabo yana kan ƙwararru 'yan ƙalilan da ke kula da harshen, ba a kan dubban mutanen da ba su da lokaci ko kuɗin sake rubuta abin da ke aiki ba.

Rubutun Hausa ya san zafin rashin irin wannan shaida. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta fara shiga jami'o'i da maɗaba'u ba tare da haruffa masu ƙugiya ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, ya share wa marubuta hawaye. Dabarar zamanin ita ce a ari gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba a zana ƙ da ɗ da ɓ a kansu. Littattafai da kundayen digiri masu yawa da haka aka buga su. Muddin salon yana cikin kwamfutar, komai daidai. Da Unicode ta yaɗu aka fara kwafe tsofaffin rubuce-rubuce ana liƙawa a intanet, sai asalin alamomin suka bayyana: "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya", "ɓera" ya koma "~era". Rubutun da aka raba shi da sunan salonsa ba ya ɗauke da wata alama da ke cewa ga tsarin da aka rubuta ni da shi. Gyaran ba shi da wuya, musanya alama shida ce, amma sai an samu wanda ya gane abin da yake gani.

Ita kanta UTF-8 misali ce ta sabon abu da ya shigo bai ture kowa ba. Ken Thompson da Rob Pike sun tsara ta a 1992 ta yadda haruffa 128 na tsohon tsarin ASCII suka riƙe lambobinsu yadda suke. Duk fayil na Ingilishi da aka taɓa rubutawa ya wayi gari halastaccen UTF-8 ba tare da an taɓa shi ba. Shi ya sa ta ci duniya.

Sai dai a nan ne ya kamata masu yabon "wanda ke so ya kunna" su sassauta murya. Zaɓi yana amfanar wanda ya san akwai shi ne kawai. Mafi yawan mutane abin da suka tarar a kunne shi suke bari. Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, inda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Yau kowace babbar waya tana iya rubuta su. Amma sai mutum ya shiga saiti ya ƙara madannan Hausa da kansa, don haka yawancin Hausar da ke Facebook da WhatsApp babu ƙugiya, mai karatu ne zai yi ta canka ko "kafa" aka ce ko "ƙafa". Babu wanda ya hana, babu kuma wanda ya kunna. Masu JavaScript sun fahimci haka, shi ya sa a 2015 da suka kawo sabon tsarin rarraba fayiloli suka sa tsauraran ƙa'idojin su hau kansa kai tsaye, ba sai an rubuta layin ba. Rust ma duk sabon aiki da aka buɗe a kan bugu mafi sabunta yake farawa. Tsoho ne ake bari da halinsa. Sabon shiga ba a tambayarsa.

Akwai kuma wahalar da zaɓuɓɓuka ke jawo wa mai koyo. Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar nan: tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da ke maƙwabtaka da Miga, ga kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, garin da Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, ya fito. Ɗalibi a waɗannan makarantu yakan koya ne da abin da ya samu: tsohuwar kwamfuta ta hannu, littafin da wani ya sauke shekaru da suka wuce ya tura masa, data da ake lallaɓawa. Idan littafin na zamanin Python 2 ne, layinsa na farko, wanda zai sa na'ura ta ce "sannu", shi zai fara ƙin aiki, kuma zai ɗauka kansa ne bai ja ba. Kowane yanayi da aka ƙara wa harshe, ƙarin tambaya ce da malami zai amsa kafin a fara darasi. Wanda ke San Faransisko yana da abokin aiki a kujerar gefe da zai tambaya. Wanda ke Zareku a Miga sai ya jira sabis.

Python dai ta ɗauki darasi. Van Rossum ya sha faɗi cewa da wuya a ga Python 4, kuma babban sauyin da ake yi yanzu, na barin manhaja ta yi amfani da ƙwaƙwalen na'ura da yawa lokaci guda, ya shigo ne a fitowa ta 3.13 a watan Oktoban 2024 a matsayin gini na dabam wanda sai mai so ya ɗauko.

Amma aikin da ya jawo duk waccan wahala bai kammala ba. Shekaru bayan fitowar Python 3, idan ɗalibi ya buɗe fayil a kan Windows bai ambaci tsarin haruffa ba, harshen ba UTF-8 yake ɗauka ba, tsohon tsarin da Windows ke amfani da shi yake bi, wanda a kwamfutocin Najeriya galibi na Yammacin Turai ne. Jerin sunayen garuruwa da aka adana daidai zai fito da "HaÉ—eja" a madadin Haɗeja, da "Æ™asa" a madadin ƙasa. Idan kuma rubutawa zai yi, manhajar za ta tsaya a kan ƙ ta farko ta ce ba ta san ta ba. Maganin kalmomi ne kaɗan, encoding="utf-8", amma littattafan koyo da yawa ba sa sa su, domin marubutansu ba su taɓa bukata ba. Tun fitowa ta 3.7 a 2018 aka samar da yanayin UTF-8 da mutum zai kunna da kansa. Masu kula da harshen sun amince a mayar da shi abin da kowa zai tarar a kunne daga fitowa ta 3.15, wadda aka tsara wa watan Oktoban 2026, wanda kuma tsohon aikinsa ya dogara da tsohon hali an bar masa makunnin da zai kashe.